Wa Ke da Ikon Share Fayil? Matsalolin Izini da Sharewa Tsakanin Kwamfutoci



Akwai koke-koke iri uku da ba a rasa ji a kowane ofis da ake aiki da kwamfuta. Na farko, mutum ya ga fayil a gabansa, shi ya rubuta shi da hannunsa, amma ya yi ya yi ya share shi, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Na biyu, fayil mai muhimmanci ya salwanta, alhali an ɗauka an kulle shi yadda babu mai iya taɓa shi. Na uku, an share takardar asiri, hankali ya kwanta, bayan shekara guda sai ga ta a hannun wanda bai kamata ya gan ta ba. Waɗannan abubuwa uku tushensu ɗaya ne, watau rashin sanin yadda kwamfutoci iri-iri suke fahimtar kalmar izini da kalmar sharewa. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana wannan tushe, domin akawun da ke riƙe da takardun fansho da ɗalibin da ke rubuta kundin digiri su san ƙasar da suke takawa.

Abubuwa Biyu da Ake Rikitawa

Kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe abubuwa biyu. Na ɗaya shi ne babbar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows, da Linux, da macOS. Na biyu shi ne tsarin ajiya, watau yadda aka shirya faifai domin a san inda kowane fayil yake, kamar FAT, da NTFS, da ext4, da APFS. Wanda ya san ofishin Rajista na gwamnati zai gane bambancin nan da nan. Babbar manhaja ita ce akawun Rajista, tsarin ajiya kuwa shi ne littafin rajistar da kabad-kabad ɗin da aka jera fayiloli a ciki. Akawu ba zai iya tsare wata doka ba sai in akwai gurbin rubuta ta a littafinsa. Haka kuma dokar da aka rubuta a littafi ba ta da amfani in an kawo baƙon akawu wanda bai iya karanta ta ba, ko wanda bai ga dalilin bin ta ba. Galibin matsalolin da za a ambata suna tasowa ne sa'ad da aka ɗauki littafin wani ofis aka miƙa wa akawun wani ofis dabam.

Tsarin Unix

A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Tun da yake mutane da yawa ne ke aiki da na'ura ɗaya a lokaci guda, tilas aka shirya yadda wani ba zai ɓata aikin wani ba. Wannan shiri ne Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, ta gada, haka ma macOS da wayoyin Android.

A wannan tsari an kasa mutane gida uku: mai fayil, da 'yan ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Izini ma iri uku ne: na karantawa, da na rubutawa, da na zartarwa. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, zartarwa 1, sa'an nan a tara wa kowane gida nasa. Saboda haka idan aka ce izinin fayil 644 ne, ma'ana mai shi yana karantawa yana rubutawa, 'yan ƙungiya da sauran jama'a kuwa karantawa kaɗai. Idan aka ce 777, an buɗe wa kowa kome ke nan.

To, a lura cewa cikin ukun nan babu izinin sharewa. Dalili kuwa shi ne, a Unix sunan fayil ba a jikin fayil yake ba. Fayil yana da katinsa mai lamba, wanda masana ke kira inod, a nan ake rubuta mai shi da izininsa da wurin da abin da ya ƙunsa yake a faifai. Folda kuwa jeri ne kawai na sunaye, kowane suna da lambar katin da yake nunawa. Wanda ya ba da umurnin rm bai taɓa fayil ba, suna ya soke daga jeri. Tun da yake jerin na folda ne, izinin rubutawa a folda ake dubawa. Ke nan mutum yana iya share fayil ɗin da ba nasa ba, wanda ma ba a yarje masa ya karanta ba, muddin yana da ikon rubutu a foldar da fayil ɗin yake. Haka kuma yana iya kasa share nasa na kansa idan yana cikin foldar wani. Malamin da ya mai da takardar sakamakon jarrabawa ta karantawa kaɗai, ya bar ta a foldar da dukan sashe ke rubutu a ciki, ya kulle akwati ne ya ajiye shi a bakin titi.

An yi wa wannan gyara da wata alama da ake ɗora wa foldar da jama'a ke tarayya a kanta, irin /tmp. Idan an ɗora ta, babu mai share fayil sai mai shi, ko mai foldar, ko babban mai kula da na'ura da ake kira root. Har ila yau, a Linux ana iya kafe fayil da umurnin chattr +i, yadda ko root ba zai share shi ba sai ya cire kafin tukuna. Wanda bai san da wannan ba yakan wuni yana sauya lambobin izini a banza.

Akwai kuma wani abin mamaki. Fayil ɗaya yana iya samun suna biyu ko fiye, kuma ba ya gushewa sai an soke sunansa na ƙarshe, kuma babu wata manhaja da ke riƙe da shi a buɗe. Shi ya sa ma'aikaci yakan share ƙaton fayil don ya sami fili, ya duba ya ga faifai yana nan a cike. Sunan ne ya tafi, fayil ɗin yana hannun manhajar da ke aiki da shi, sai ta sake shi filin zai dawo.

Tsarin FAT

Kamfanin Microsoft ya fito da FAT a 1977, ya shiga MS-DOS a 1981, aka faɗaɗa shi zuwa FAT32 a 1996, sa'an nan aka yi exFAT a 2006. Galibin filas da katin waya da ake saye a kasuwa da ɗayan biyun nan na ƙarshe suke zuwa, domin kowace na'ura tana iya karanta su. An yi FAT ne don kwamfutar mutum ɗaya, saboda haka babu gurbin rubuta mai fayil ko kaɗan. Abin da ke akwai 'yan alamomi ne: na karantawa kaɗai, ɓoyayye, na tsarin na'ura, da wanda ke jiran a yi kwafinsa. Kowa kuwa yana iya ɗora su, kowa yana iya cire su.

Sakamakon wannan babba ne. Duk fayil ɗin da aka kwafa daga kwamfutar ofis zuwa filas, izininsa a bakin ƙofa yake tsayawa. Takardar da Babban Sakatare da mutum biyu kaɗai ke iya buɗewa, da zarar ta hau filas ta zama ta duk wanda ya tsinci filas ɗin. Idan kuma aka sa irin wannan filas a Linux, ita ce ke ƙaga masa mai shi da izini na wucin gadi a lokacin da ta karɓe shi, shi ya sa umurnin chmod ba ya sauya kome a kansa yadda aka saba. Daɗin daɗawa, FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4, ko da akwai fili.

Waɗannan alamomi ne wata ƙwayar cuta da ta addabi shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta na makarantu take wasa da su. Takan ɗora wa foldoji alamar ɓoyayye da ta tsarin na'ura, ta ajiye gajerun hanyoyi na ƙarya a madadinsu. Ɗalibi ya duba ya ga babi biyar na kundinsa sun ɓace, ya fusata ya wanke filas ɗin gaba ɗaya, alhali aikinsa yana nan lafiya, umurnin attrib kaɗai ake bukata a cire alamomin bayan an kashe cutar. Cutar ɓoyewa ta yi, asarar kuwa gaggawa ce ta jawo ta.

Tsarin NTFS da Windows

A 1993 Microsoft ya kawo NTFS tare da Windows NT. A nan kowane fayil yana da jerin sunayen waɗanda aka yarje wa da waɗanda aka hana, kuma sharewa izini ne mai zaman kansa: ko a ba mutum shi a kan fayil, ko a ba shi ikon share abin da ke cikin folda. Sai dai abin da aka rubuta a jerin ba sunan mutum ba ne, wata doguwar lamba ce da kwamfuta ke ba kowane asusu ranar da aka buɗe shi. Idan kwamfuta ta lalace aka sake ɗora mata Windows, ko aka cire faifanta aka kai wata, to ko da ma'aikaci ya buɗe asusu da sunansa na da, lambar sabuwa ce. Tsofaffin fayilolinsa suna jiran mai tsohuwar lamba, wanda ba ya duniya. Maganin shi ne mai kula da na'ura ya karɓi mallakar fayilolin, sa'an nan ya rubuta sabon izini. Irin wannan yana faruwa a dangin Unix ma: asusun farko a Ubuntu lambarsa 1000, a macOS kuwa 501, saboda haka mutum ɗaya yana iya zama baƙo ga faifansa.

Bisa al'ada Windows ba ta yarda a share fayil ɗin da wata manhaja ke riƙe da shi, sai in manhajar ta yarda tun lokacin da ta buɗe shi. Wannan shi ne saƙon nan da ke cewa ana amfani da fayil a wani wuri, kuma sau da yawa manhajar kashe ƙwayoyin cuta ce ko mai nuna hoton takarda ke riƙe da shi. A nan ba izini ne ya hana ba, saboda haka sauya izini ba zai amfana kome ba.

Rikicin Kan Iyaka

Matsala takan tsananta a wurin da tsari biyu suka haɗu. Linux ba ta hana kowane harafi a sunan fayil sai alamar / da bayit ɗin sifiri. Windows kuwa ta hana alamar tambaya, da tauraro, da ɗigo biyu, da wasu kaɗan, ta kuma keɓe sunaye irin su CON, da PRN, da AUX, da NUL tun zamanin MS-DOS. Idan Linux ta rubuta fayil mai irin wannan suna a faifai, Windows za ta nuna shi amma ta kasa buɗe shi ko share shi ta hanyar da aka saba. Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da faifan wurin wadda ta raɗa sunan, a sauya shi a can. Haka kuma Linux tana ɗaukar Rahoto da rahoto fayil biyu ne, Windows kuwa tana ɗaukar su ɗaya, saboda haka wajen kwafa ɗaya yana iya danne ɗaya. Bugu da ƙari, manhajoji da yawa na Windows ba sa iya kai wa ga fayil ɗin da hanyarsa ta wuce haruffa 260, abin da ke samun masu jera folda cikin folda da dogayen sunaye.

Tun daga Windows 8, a 2012, kwamfuta ba ta mutuwa sarai idan an kashe ta, takan ajiye wani sashe na halin da take ciki domin ta tashi da sauri. Idan aka buɗe faifan nan da Linux, takan ga alamar aiki bai ƙare ba, ta karɓe shi don karantawa kaɗai. Wannan kariya ce, domin rubutu a kansa a wannan hali yana iya ɓata shi. Ita kuwa macOS tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai an ƙara mata wata manhaja. Kwandon shara ma kowa da nasa: Linux da macOS sukan buɗe ɓoyayyen kwando a cikin filas, fayil ɗin da aka share yana nan yana cin fili, Windows kuwa galibi ba ta ajiye abin da aka share daga filas a kwando sam. Katin SD kuma yana da ɗan makulli a gefensa, idan ya zame babu abin da zai rubutu ko ya sharu.

Abin da ya fi dukan waɗannan muhimmanci shi ne, izini roƙo ne da aka rubuta a faifai, babbar manhaja ce ke cika shi. Wanda ya cire faifai ya kai wata kwamfutar da yake shi ne mai kula da ita, zai karanta kome. Abin da ke tsare asiri a wannan hali shi ne rufe faifai da rubutun sirri, irin BitLocker a Windows, da FileVault a macOS, da LUKS a Linux.

Sharewa Ba Shafewa Ba Ce

Idan aka share fayil a FAT, harafin farko na sunansa kaɗai ake sauyawa da wata alama, a rubuta cewa wurinsa ya zama fili. Abin da ya ƙunsa yana nan har ranar da wani abu zai hau kansa. Sauran tsare-tsare ma kusan haka suke yi. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT suka buga sakamakon bincikensu: sun sayi tsofaffin faifai 158, guda 129 suna aiki, amma 12 kaɗai aka shafe yadda ya kamata. A cikin sauran sun sami takardun asibiti, da wasiƙu, da dubban lambobin katin banki. Ma'aikatar da ke gwanjon tsofaffin kwamfutoci ba tare da ta shafe faifansu ba, ta haɗa da takardun ma'aikatanta ta sayar.

Faifan zamani na SSD ya juya al'amarin. Da zarar an share fayil, babbar manhaja takan sanar da shi, shi kuma ya wanke wurin ba da jimawa ba, saboda haka dawo da abin da aka share bisa kuskure yana da wuya ƙwarai. Duk da haka rubutu a kan fayil ba ya tabbatar da an shafe shi, domin faifan yakan sauya wurin rubutu da kansa. Ke nan mai son dawowa ba shi da tabbas, mai son shafewa ma sai ya bi umurnin shafewa na faifan, ko ya zamana ya rufe shi da rubutun sirri tun farko.

Haɗarin Cikakken Iko

Wanda fayil ya ƙi sharuwa a hannunsa yakan nemi iko mafi girma, ya zama root, ko ya sa wa kome 777. Tarihi ya nuna inda wannan ke kaiwa. A 1998 wani umurnin rm da aka bayar a inda bai dace ba ya share kusan kashi 90 cikin 100 na aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar. Da aka nemi kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba a sani ba. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke da kwafin aikin a kwamfutarta ta gida. A watan Disamba na 2021 kuma Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan ta yi asarar kimanin terabayit 77, fayil wajen miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14, saboda kuskure a wata 'yar manhaja da aikinta shi ne share tsofaffin bayanan aiki. Wani sashe ba a dawo da shi ba. A duka biyun babu ɓarawo, babu maƙiyi, umurni ne mai cikakken izini ya yi abin da aka ce ya yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nauyin da Ke Kan Ma'aikaci

A Nijeriya wannan magana ta wuce ta fasaha, ta shiga ta shari'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta mai da lalata takardun hukuma da gangan laifi ga jami'in da ke riƙe da su, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuwa ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ba mutum damar neman a share nasa a wasu halaye. Ma'aikaci yana tsakanin biyu ke nan: akwai abin da laifi ne ya share, akwai abin da laifi ne ya bari ya fita. Takardun zamanin En'e da masu bincike ke karantawa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna sun kai yau ne domin akawunan da ba su yi gaggawar zubarwa ba. Takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma ta wani malamin firamare, wadda fanshonsa ya rataya a kanta, tana bukatar irin wannan riƙo ko da a kwamfuta take.

Saboda haka, idan fayil ya ƙi sharuwa, a fara da tambayar dalili kafin a nemi ƙarfi: wa ke da foldar, wace manhaja ke riƙe da shi, wane tsari faifan yake, kuma ko an karɓe shi don karantawa kaɗai ne. Idan filas ya fara ƙin rubutu haka kawai, a kwashe abin da ke ciki nan take, domin sau da yawa alamar ƙarshen ransa ce. Idan an share abu bisa kuskure, a daina rubutu a faifan har sai masani ya duba. Kada a yi aikin yau da kullum da asusun mai kula da na'ura. Kowane ma'aikaci a ba shi asusunsa, a ba da izini ga muƙami ta hanyar ƙungiya, domin idan an yi masa canjin wurin aiki fayiloli kada su zama marayu. A riƙe kwafi uku na abu mai muhimmanci, ɗaya a wani gini dabam, kuma a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutar da za ta bar ofis kuwa, a shafe faifanta ko a farfasa shi, a rubuta a littafi wanda ya yi da ranar da aka yi, kamar yadda ake yi wa kowace kadarar gwamnati.